Haƙuri Ba Ya Goya Yaro

Kafin ladanin unguwa ya kira assalatu mun riga mun tashi. Barcin bai ishe mu ba, domin jaririn ya farka sau uku cikin dare, na ƙarshen kuma bai koma ba. Mu ɗora ruwan zafi, mu duba ko an kawo wuta, mu haɗa abincin da yayyensa za su tafi da shi makaranta, mu nemo safar da ta ɓata tun jiya, mu tatsi nono mu zuba a kwalba muna addu'ar kada ya lalace kafin azahar. Ƙarfe bakwai muna bakin titi muna ciniki da mai adaidaita sahu, ko muna tsaye cak a cunkoson Mararaba zuwa Nyanya. Ƙarfe takwas wata tana gaban aji, wata tana kan kanta a banki, wata tana ɗakin haihuwa tana karɓar haihuwar wata, alhali nata ɗan yana can yana kuka a hannun yarinyar da ba ta kai shekarun riƙe kanta ba. Da yamma mu dawo mu ɗora sanwa, mu yi wa yara aikin makaranta, mu yi wanki, mu tarbi baƙi da fara'a. Idan muka kwanta ƙarfe sha ɗaya, kai na sarawa, ƙirji na bugawa, sai a dube mu a ce: "Sannu da ƙoƙari. Ai mace sai haƙuri."

Mun gode da sannun. Amma yau muna so mu faɗi abin da muka daɗe muna haɗiyewa. Haƙuri ba ya goya yaro, ba ya tashi cikin dare ya jijjiga shi, ba ya kai shi rigakafi ranar Talata. Hannu ne ke yin waɗannan, kuma hannuwan da al'ummarmu ta tanadar wa mai goyo a da sun janye ɗaya bayan ɗaya, ba a kawo madadinsu ba. An bar mace ɗaya da aikin da mata biyar ke yi, an ƙara mata aikin albashi a kai, sannan idan jikinta ya gaza a ce imaninta ne ya yi rauni.

Ana yawan gorantar mana da iyayenmu. Wai su sun haifi takwas, sun haifi goma, ba a taɓa jin kukansu ba. To bari mu tuna yadda suka yi. Macen da ta ɗauki cikin fari tana komawa gidansu goyon ciki. Idan ta haihu, kwana arba'in tana hannun tsohuwa: a dafa mata ruwa, a dama mata kunu, a gasa mata nama, a karɓi jariri ta runtsa. Idan ta koma ɗakinta, gidan cike yake da mutane. Ga uwar miji, ga facaloli, ga ƙannen miji, ga 'yar riƙo, ga maƙwabciyar da katanga ɗaya ta raba su. Girki ma juyi ne, yau ke gobe waccan. Ko kishiya, duk da abin da ke tsakani, takan riƙe yaro a shiga wanka. Kuma iyayenmu sun yi sana'a, kada wani ya ce zaman banza suka yi: sun soya ƙuli-ƙuli, sun kirɓa fura, sun yi saƙa da ɗinkin hula, sun yi adashe sun aurar da 'ya'ya. Sai dai sana'ar tana tsakar gida, inda yaron yake, inda kuma akwai wanda za a miƙa wa shi.

Ba muna cewa zamaninsu aljanna ba ne. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka zargi tsananin zafin wankan da yawan kunun kanwa. Mata da yawa sun mutu a bakin haihuwa, wasu sun haɗiye baƙin cikin da ba su da sunan da za su kira shi. Amma abu ɗaya tsarin nasu ya gane wanda namu ya manta: hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba a taɓa tsammanin mace ita kaɗai ta raini jariri ba.

Yau ina hannuwan suke? Aiki ya kai mu Abuja, Kaduna, Legas, ko wata sabuwar unguwa a bayan Kano inda kowa ya ja geti ya kulle. Uwa tana Katsina ko Azare, ita ma tana fama da ciwon ƙafa da jikokin wasu. Ƙannenmu da a da za a turo su taya raino suna makaranta, kuma haka muke so, ba ma fatan a cire su. Kwana arba'in na jego ya koma mako biyu, saboda tsohuwar da ta zo tana da nata gidan. Kiɗa ya canza gaba ɗaya, amma rawar da ake so mu taka ita ce ta da, tare da sabuwa a kanta.

Abin da ya cike gurbin shi ne abin da ya kamata ya hana mu barci ko da jariri bai farka ba. Mun aika ƙauye an kawo mana yarinya 'yar shekara 11 ko 12. Mun ɗora mata jariri da shara da wanke-wanke, mun tafi ofis muna rubuta rahoto a kan ilimin 'ya mace. Kuɗinta ba ya shiga hannunta, rabi na mai dillancin da ta kawo ta ne, rabi na iyayenta. Mun san wannan ba daidai ba ne. Mun yi shi ne saboda babu wurin raino mai aminci da albashinmu zai iya biya, amma uzuri ba ya wanke laifi. Nauyin da al'umma ta ƙi ɗauka ta jibga mana, mu kuma mun sauke shi a kan wadda ta fi mu rauni. Duk wanda ke yaba mana da iya haɗa aiki da gida, ya tambayi kansa bayan wa ake goya yaron.

Mu duba abin da doka ta tanada. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba mai ciki mako shida kafin haihuwa da mako shida bayanta, jimilla mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata shida tana aiki a wurin. Bayan ta dawo, an ba ta rabin awa sau biyu a rana ta shayar. Rabin awa! Wadda ke aiki a Wuse, jaririnta na Kubwa, ta yi me da rabin awa? Wani abin da yawancinmu ba mu sani ba sai da ya same mu shi ne, ma'anar "ma'aikaci" a dokar ta fitar da masu aikin gudanarwa da na ƙwararru da na fasaha. Wato injiniya da akanta da mai rubuta manhaja, abin da ke cikin takardar kwantiraginsu shi ne nasu. Mai shago a kasuwa, mai kitso, mai ɗinki, malamar makarantar kuɗi da ba a ba ta ko takardar ɗauka ba, su kam ranar da ba su fita ba ranar babu kuɗi.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a yarjejeniyarta mai lamba 183 ta shekarar 2000, ta sa mako 14 a matsayin mafi ƙaranci, ta kuma ba da shawarar a kai 18. Gwamnatin tarayya na ba ma'aikatanta mata aƙalla mako 16. Jihar Legas ta kai hutun wata shida a 2014, Kaduna ta bi sahu a 2019, kuma ba mu ji an ce aikin gwamnati ya tsaya a jihohin nan saboda haka ba. A Jamhuriyar Nijar mako 14 ne, asusun CNSS kuma na ɗaukar wani kaso na kuɗin, don haka nauyin bai faɗa wa mai kamfani shi kaɗai ba. A nan wajenmu mai kamfani ne ke biya daga aljihunsa, shi ya sa a wajen ganawar ɗaukar aiki ake leƙen yatsanmu da cikinmu kafin a leƙa takardunmu.

Sannan ga abin dariya mai ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nono zalla wata shida, ma'aikatun lafiyarmu suna maimaita haka a rediyo kowace shekara a makon shayarwa na farkon Agusta. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran da ba su kai wata shida ba ke samun nono zalla. Dalilan suna da yawa, har da al'adar ba jariri ruwa. Amma ta yaya ƙasa za ta ce wa uwa wata shida da baki, ta ce mata mako shida da doka, sannan ta ɗora mata laifin giɓin da ke tsakani? Da yawa daga cikinmu a banɗakin ofis muke tatsa, ko a cikin mota da gilashi a rufe, kamar masu aikata abin kunya.

Jiki magayi. Abin da baki ya ƙi faɗa, shi zai faɗa. Idan mutum ya shiga matsi, jikinsa na sakin sinadaran da ke ɗaga bugun zuciya da hawan jini da sukari don ya fuskanci haɗari. An yi wannan tsari don haɗarin da zai zo ya wuce. Idan ya zama kullum ne, wata da watanni, ga rashin barci a kai, sai ya koma cin jikin da aka yi shi don ya kare: ciwon kai, ciwon baya, mantuwa, saurin fushi, jinin da ya hau ya ƙi sauka, garkuwar jiki da ta yi rauni. A 1979 wani masani Ba'amurke, Robert Karasek, ya nuna cewa aikin da ya fi cutar da mutum shi ne wanda buƙatunsa ke da yawa amma mai yinsa ba shi da ikon tsara yadda zai yi shi. A 1988 Jeffrey Johnson da Ellen Hall suka yi nazarin ma'aikata a Suwidin suka ƙara abu na uku, wato rashin mataimaki, suka ga ciwon zuciya ya fi yawa a inda ukun suka haɗu. Ba don masu goyo aka yi binciken ba, amma a karanta siffofin nan uku a gaya mana wa suka fi kama da shi. Jariri ba ya bin jadawali, shugaban ofis ba ya ɗaga ƙafa, mataimaki kuma babu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar da suka haihu na fama da matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa ciwon damuwa. Ɗaya cikin biyar. A duba zauren suna na gaba a ƙirga. Mu kuwa wane suna muke ba shi? Idan ta daina cin abinci mu ce olsa ce. Idan jikinta ya mutu mu ce taifot da maleriya, a yi ta ɗura mata ƙarin ruwa. Idan tana kuka ba dalili mu ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Idan ta ce ba ta jin daɗin ɗaukar jaririnta, mu toshe mata baki da cewa wasu na can suna neman haihuwa ido rufe. Addu'a magani ce, ba mu musanta ba, kuma da ita muke kwana muke tashi. Amma wanda ya karye a ƙafa ana yi masa addu'a ana kuma kai shi wajen ɗori. Akwai wata takardar tambayoyi goma da aka tsara a Edinburgh tun 1987 don gano damuwar bayan haihuwa, minti biyar ake yi a cike ta. Muna kai jarirai awo da rigakafi a mako na 6 da na 10 da na 14. A ɗora jariri a sikeli, a ɗiga masa magani, a rubuta a kati. Uwar da ta goyo shi ta kawo, sau nawa ake tambayarta ko ta yi barci?

Mun san amsar da ke jiranmu, domin mun sha jin ta: "Wa ya aike ku? Ku zauna a gida mana." Masu faɗin haka su ne dai ke tayar da jijiyar wuya a asibiti cewa sai likita mace ce za ta duba matansu. Su ne ke neman ungozoma cikin dare, su ne ke son malama mace a makarantar 'ya'yansu mata. Daga ina ake so waɗannan matan su fito? Ko ana so su yi aikin amma kada su yi aure, ko su yi aure kada su haihu? Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Al'ummar da ke cin moriyar aikin mata dole ta ɗauki nauyin abin da aikin ke ci musu. Ban da haka, tun daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, gida nawa ne albashi ɗaya ke riƙewa? An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, a lokacin da buhun shinkafa ya zarce hakan. Kuɗinmu na shiga kuɗin makaranta da cefane da magani. Ana karɓa da hannu bibbiyu, amma idan aka zo maganar gajiya sai a tuna cewa ai mu muka ga dama.

Wasu kuma su ce to ku nemi aikin da ake yi daga gida. Wasunmu shi muke yi, muna rubuta manhaja a kan teburin cin abinci, kuma za mu iya ba da labari. Wanda ke gida a idon jama'a ba ya aiki. Baƙi su zo ba sanarwa, a aiko yaro karɓar saƙo, maigida ya bugo waya a dafa wa abokansa abinci tunda "ai kina gida". Aikin da ke buƙatar awa biyu na nutsuwa sai a yi shi a gutsure, minti goma-goma, ragowar kuma ya koma ƙarfe ɗayan dare. Mun huta da cunkoson titi, gaskiya ne, amma har yanzu ana buƙatar mai riƙe yaron.

A sana'ar tamu akwai ƙa'idar da ɗan koyo ma ya sani: ba a ɗora muhimmin tsari a kan na'ura guda. Idan banki ko asibiti ya jingina komai ga kwamfuta ɗaya wadda ba ta da mataimakiya, ba a kashe ta a huta, ba a duba lafiyarta, ranar da ta tsaya ba na'urar ake tuhuma ba. Wanda ya tsara abin ake kira ya yi bayani, kuma sunan abin da ya yi sakaci. Gidajenmu haka aka tsara su. Mutum ɗaya ce ta san ranar rigakafi, da lambar takalmin kowane yaro, da saura kwana nawa gas ya ƙare, da maganin da likita ya hana. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita gidan gaba ɗaya ya tsaya, sai a ce ta cika raki.

Idan kuma aka fake da addini, to a buɗe littafin tare da mu. Aya ta 233 ta Suratul Baƙara, wadda ta yi maganar shayarwa shekara biyu, ita ce ta ɗora ci da tufafin mai shayarwa a kan uba, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Bukhari ya ruwaito cewa da aka tambayi Nana A'isha abin da Annabi (SAW) ke yi a gida, ta ba da amsa cewa yana cikin hidimar iyalinsa har sai lokacin salla ya yi. Malaman Malikiyya, mazhabar da muke bi, sun yi magana a kan wajabcin samar wa mace mai hidima idan miji na da hali kuma irinta ake yi wa hidima. Me ya sa wa'azin haƙuri kullum ɓangare ɗaya yake fuskanta? Yaushe rabon da mu ji huɗubar Juma'a a kan uban da ke majalisa har sha ɗayan dare alhali matarsa na fama da yara uku da zazzaɓi?

Don haka ga abin da muke nema, kuma ba alfarma muke roƙo ba.

Ga mazajenmu, iyayen 'ya'yanmu: ku daina cewa kuna taya mu. Mutum ba ya taya wani rainon ɗansa. Ku ɗauki wasu ayyuka su zama naku ɗungurungum, daga tunawa har aiwatarwa, ba sai an roƙa ba: kai yara makaranta, wankan safe, tashin dare biyu a mako. Gwamnatin tarayya ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikacin da matarsa ta haihu tun 2021. An ba da shi don a riƙe jariri, a bar mai jego ta yi barci. Idan ya ƙare a rabon goro da karɓar barka, an ci amanarsa. Wanda ya ce muku mijin-ta-ce don kun goya ɗanku, ku tambaye shi ko ya fi Annabi mazantaka.

Ga masu ɗaukar aiki: ɗaki ɗaya mai tsabta da ƙofa da firji bai fi ƙarfin bankin da ke da bene biyar ba. Asibiti da jami'a da sakatariyar jiha, inda ɗaruruwan mata ke aiki, babu hujjar a ce ba su da wurin raino. Ku daina sa taro ƙarfe biyar na yamma. Ku auna mu da aikin da muka gama.

Ga gwamnoni da 'yan majalisa: abin da Kaduna ta yi a 2019 bai gagari sauran jihohin Arewa ba. A gyara sashe na 54, a faɗaɗa shi ya game kowace ma'aikaciya, a mayar da biyan kuɗin hutun ga asusun haɗaka don kada ya zama dalilin ƙin ɗaukar mata. A sa tambayar lafiyar ƙwaƙwalwar uwa cikin awon jarirai a kowane asibitin sha-ka-tafi. An sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Muna so mu gan ta a ɗakin awo, inda mata suke.

Ga mu kanmu kuma. An ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma sau da yawa wadda ta fi tsananta mana mace ce: shugabar da ke cewa ita ta dawo aiki da ɗinki a jikinta, uwar mijin da ke ƙirga sau nawa aka sayo abinci a waje, ƙawar da ke nuna gida tsaf a Instagram ba ta nuna masu aikin da suka gyara shi ba. Wahalar da muka sha ba gado ba ce da za mu bar wa na baya. Mun iya adashen kuɗi, mu koyi adashen lokaci: gida huɗu a layi ɗaya su haɗa kuɗi su ɗauki babbar mace mai hankali, su biya ta albashin da ya dace, yarinyar ƙauye kuma ta koma aji. Idan muka je barka, bayan turmin atamfa da kayan jarirai, mu karɓi yaron awa biyu mu ce wa uwar ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Idan muka tambaye ta ya jiki ta ce alhamdulillahi, mu zauna mu sake tambaya.

Haƙuri muna da shi, shi ya kawo mu yau. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma ko dutsen sai da itace, kuma wani ne ke ɗebo shi. Gobe ma kafin assalatu za mu tashi. Muna so idan mun tashi mu tarar wani ya riga ya ɗora ruwan.